Budurwa a Layin Tsarin Iyali

Assalamu alaikum masu karatu. Wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta, wanda ke kan okada ya sauka tukuna, domin yau zan faɗa muku yadda aka yi na zama fitacciyar 'yar iskar Sabo ba tare da na taɓa yin iskancin ba. Ni kaina na yi mamakin wannan ƙarin girma.

Sunana Zulaihat. Shekarata ashirin da huɗu, a Sabon Ibadan aka haife ni, ɗinki nake yi a wani ɗan shago da ke manne da zauren gidanmu. Tun rasuwar Baba daga ni sai Umma a ɗakinmu. Ina da saurayi, Manniru, yana sayar da albasa a kasuwar Bodija tare da yayansa Jafaru, kuma an sa mana rana bayan Babbar Salla. Manniru mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Dogo ne, mai kunya, yana da wani turare da yake wanka da shi don ya kashe warin albasa, sai su biyun su haɗu su haifi wari na uku wanda ba a raɗa masa suna ba. Kullum bayan asuba saƙonsa zai shigo: "Slm ranki ya daɗe, da fatan kin tashi lfy." Shekara biyu ke nan ko waƙafi bai taɓa canzawa ba.

Ni kuwa ban cika tashi lafiya ba.

Shekara uku ke nan al'adata ta manta ranar tafiya. In ta zo sai ta yi kwana goma sha biyu, wani watan sha shida, da gudaji, da ciwon mara irin wanda ke sa mutum cizon filo. Zani biyu nake ɗaurawa ƙarƙashin hijabi. Ba na zama a kujerar mutane, ba na sa kaya masu haske. Duk wanda ya san ni ya san ni da baƙi da ruwan ƙasa, har iyaye suna yi wa 'ya'yansu misali da ni wai ina da kamun kai. Kamun kai ina! Tsoron tashi daga wurin zama ne.

Magani kuwa na sha. Umma ta karɓo rubutu, na sha. Ta jiƙa sassaƙe, na sha. Iya Sakinat mai tuwon amala a bakin layinmu ta kawo min agbo, jiƙon Yarbawa, a robar ruwa, baƙi ƙirin, ta ce in na sha sau uku sai na yi mata addu'a. Na sha, na kuma yi mata addu'ar, a banɗaki. Duk wadda na yi wa maganar asibiti sai ta ce, "Ke dai ki yi aure, da kin haihu zai tafi." Wato Manniru ne maganin, sai dai a jira Babbar Salla kafin a fara amfani da shi. Umma kuma ta ce budurwar da aka sa wa rana ba ta zirga-zirga a asibitin mata, mutane za su ce wani abu.

Wata Talata ina durƙushe ina auna wa wata amarya tsawon siket, na miƙe, sai na ga shagon ya juya, keken ɗinki ya koma sama. Da na farfaɗo ina kwance a kan yadin mutane, amaryar tana yi min fifita da littafin awo, bakinta yana salati, idonta yana kan leshinta kada in ɓata shi. Washegari na ce wa Umma kasuwar Dugbe zan je sayen zare, na wuce asibiti.

Likitar da na samu Bayerabiya ce, Dakta Mojisola, 'yar gajera mai tabarau da furfura a gaban goshi. Ta ja fatar idona ta leƙa, ta ce da Yarbanci, "Yarinya, da wane jinin kike tafiya?" Aka yi min hoton ciki, aka ɗebi ɗan jinin da ya rage. Ta ce ƙari ne a mahaifa, guda biyu, ƙanana, ba mugun ciwo ba ne, mata da yawa suna da shi, kuma ba sai an yi aiki yanzu ba. Ta rubuta maganin ƙarin jini, ta rubuta wasu ƙwayoyi da zan riƙa sha kullum su daidaita al'adar.

"Waɗannan su ne dai ƙwayoyin tsarin iyali," in ji ta. "Aikinsu ba ɗaya ba ne. Ki je ɗakinsu za su ba ki."

Na je. Benci uku cike da matan aure, kowa da goyo, wasu da goyo da na riƙewa. Na zauna a ƙarshe na saukar da hijabi har kan gira. Da layi ya zo kaina na tarar da wata nas mai jan farce tana ɓarar gyaɗa a kan rajista.

"Oko e nko?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba. Wato ina mijina.

Na ce babu tukuna.

Sai ta ajiye biro. Ta kalle ni tun daga hijabi har silifa, ta dawo sama a hankali don kada ta tsallake wani wuri.

"Ehen! Hausa girl, with this long hijab. Una too don start?" Wato mu ma mun fara ke nan. Da ƙarfi ta faɗa, don 'yan bencin baya su ma su amfana. Ta ce in je in zo da miji, in babu miji in zo da uwata.

Na ce mata da Yarbancin da na tashi da shi, "Mama, jini nake zubarwa, likita ce ta aiko ni."

Ta ce, "Next."

Da can sai in tafi gida in yi kuka. Amma masu karatu, wadda ta taɓa suma a kan leshin mutane kunyarta tana raguwa. Na koma wurin Dakta Mojisola. Ta taso da kanta, takalminta yana ƙwas-ƙwas, ta tsaya a kan nas ɗin ta ce, "A wace takarda aka rubuta sai da miji? Nuna min in karanta. Shekararta ashirin da huɗu, jikin nata ne." Ba a nuna takarda ba. Aka miƙo min ƙwayoyin da yatsu biyu, kamar mataccen ɓera.

Ina cusa su a jaka aka ɗaga labulen ɗakin ciki. Wata mata ta fito tana gyara hannun rigarta a kan wata farar filasta da ke damtsenta. Muka haɗa ido.

Anti Suwaiba ce. Matar Jafaru, yayan Manniru. Wadda za mu zauna gida ɗaya da ita bayan Babbar Salla.

Ban san wadda ta fi tsorata ba a cikinmu. Ta kamo hannuna ta ja ni waje.

"Zulaihat, me kike yi a nan?"

"Anti, ni ma tambayar da ke bakina ke nan."

Na ba ta labarina a taƙaice. Ita ba sai ta ba ni nata ba, duk Sabo ta san shi. 'Ya'ya biyar a shekara bakwai. A haihuwar ƙarshe sai da aka yi mata ƙarin jini leda uku, mu da muka je dubiya mun zaci ba za ta tashi ba. Abin da ban sani ba shi ne likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki kafin ta huta shekara uku, ba ya da tabbas za ta fita. Ta faɗa wa Jafaru, ya ce rai na Allah ne, kuma shi a gidansa ba a wannan abin. Gaskiya ne rai na Allah ne, sai dai ba a damtsen Jafaru aka nemi jijiya aka rasa ba. Shi ne ta zo ita kaɗai aka saka mata ashanar nan ta ƙarƙashin fata, mai hana ɗaukar ciki.

"In ya sani sakina zai yi, ya riƙe yaran," ta ce. "Ki rufa min asiri, Allah ya rufa miki."

"Ban gan ki ba, Anti. Ke ma ba ki gan ni ba."

Muka rabu a haka. Ita ta fita ta babbar ƙofa, ni na jira kaɗan.

A gida na faɗa wa Umma na je asibiti an ba ni magani. Sunan maganin ne ban faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kuma masu karatu, ya yi aiki. Wata na biyu kwana biyar na yi cif, na yi wanka na yi salla kamar kowace mace. Na hau benen makarantar Islamiyya ban tsaya hutawa a tsakiya ba. Na ɗinka wa kaina doguwar riga ruwan hoda mai fulawa a wuya, na saka ta na zauna a kan farar kujerar roba a gidan suna, na tashi ban waiwaya ba. Wanda bai taɓa wannan ciwon ba ba zai gane abin da nake nufi ba.

Daɗin bai kai wata uku ba.

Alamar farko ita ce wata Hajiya da ta zo ta karɓe atamfarta da ban ko yanka ba, wai ta fasa ɗinkin. Ta biyu, 'yan mata biyu da nake koya wa ɗinki aka ce sun tafi hutu, hutun da ba ni na ba su ba. Ta uku, na gaida matan layinmu a bakin famfo suka amsa kamar ana cire musu haƙori. Sai ranar Juma'a da hantsi Umma ta shigo shago riƙe da jakata a buɗe, da katin ƙwayoyin a hannunta.

"Zulaihat, mene ne wannan?"

"Maganina ne, Umma."

"An ce na hana haihuwa ne. An ce an gan ki a layin matan aure. A gidan rasuwa na ji, Zulaihat, a gidan rasuwa! Mutane suka bar mamacin suka koma kanki."

Na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga farko, na nuna mata takardar hoton ciki. Ta yarda da ni, wannan kam ban yi shakka ba, ita take wanke zannuwan nan tare da ni shekara uku. Amma da ta gama share hawaye sai ta ce, "To ki ajiye shi haka. Ki daure zuwa bayan biki. Wata huɗu ne fa kawai."

"Umma, in na ajiye jinin zai dawo."

"Jini a ɗaki yake zuba, babu mai gani. Magana kuwa a titi take."

Na miƙa hannu. Na karɓi katin, na ɓalli ta ranar na haɗiye a gabanta ko ruwa babu.

Bayan azahar saƙon murya ya shigo daga Anti Suwaiba, minti huɗu, rabinsa kuka. Ashe wani direban motar albasa ne ya gan ta a bakin asibitin ranar nan. Ya tafi Arewa ya daɗe, da ya dawo suna hira da Jafaru ya ce, "Kwanaki na ga madam a asibiti, jiki da sauƙi?" Jafaru ya dawo gida ya tsare ta a kicin. Ita kuma bakinta ya riga hankalinta: ta ce wucewa take yi ta hango ni na shiga ɗakin tsarin iyali, shi ne ta tsaya ta tabbatar, don ƙaninsa.

"Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito ba, Zulaihat. Na ɗauka zai yi shiru. Ki yafe min. Don girman Allah kada ki faɗa."

Jafaru ya yi shiru kam. Mahaifiyarsu Hajiya Binta kawai ya faɗa wa. Ita kuma aminiyarta kawai ta faɗa wa. Ita aminiyar ce ba ta da aminiya ɗaya.

Na saurari saƙon sau uku. Na rubuta amsa mai zafi na goge. Na sake rubuta wata wadda ta fi ta zafi, har da sunan kakanninta, na goge. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni. In ce a ɗaga hannun rigarta a shafa damtsenta, shi ke nan, Sabo ta samu sabon nama ta manta da ni. Sai fuskarta a kan gadon asibiti ta dawo min, fara fat kamar takarda, da jaririn da ko ɗaukarsa ba ta iya yi. Na rubuta mata: "Na ji." Ban ce na yafe ba, don ban yafe ba.

Washegari saƙon asuba bai zo ba. Karo na farko a shekara biyu. Sai wajen ƙarfe goma ya shigo: "Slm. Zan zo bayan la'asar." Ranki ya daɗe ta faɗi a hanya.

Ya zo cikin shadda ruwan toka, hula a karkace, turaren ya riga shi shigowa. Ya zauna a bencin shago yana jujjuya makullin mashin. Na ci gaba da kafa maɓalli a rigar wata.

"Zulaihat, na ji wata magana."

"Kai ne na ƙarshe ke nan. Har masu kifi sun ji."

"Ni fa na yarda da ke."

"Madalla. Ka tambaye ni ne ka yarda, ko haka nan ka yarda?"

Ya ci gaba da jujjuya makulli. Sai na ajiye allura na faɗa masa komai. Ban taɓa yi wa namiji maganar al'ada ba, ranar na yi, da kwanakinta da zannuwanta da sumanta. Kunnuwansa suka yi kamar za su kama da wuta. Ya kalli rufi, ya kalli keke, ya kalli kalandar bango kamar zai haddace ta.

"Subhanallahi. Shekara uku? Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"A wane saƙon? Bayan da fatan kin tashi lafiya?"

Ya sunkuyar da kai. Har na fara jin tausayinsa. Sai ya buɗe baki ya ɓata.

"To ko za ki dakata da shan shi na ɗan lokaci? Don hankalin Hajiya ya kwanta."

Masu karatu, ku ji fa. In zubar da jini don hankalin Hajiya ya kwanta. Ban san ana ƙarin hankali da jinin mutum ba sai ranar.

"Ba zan dakata ba, Manniru. Ranar Alhamis zan koma ganin likita. In kana son gaskiya ka zo ka ji da kunnenka. In kuma labarin bakin famfo ya ishe ka, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya ce zai zo.

Ya zo ɗin. Da mahaifiyarsa.

Ina tsaye a ƙofar asibiti na ga tasi ta tsaya, ya fito ya buɗe ƙofar baya, sai ga Hajiya Binta cikin farin leshi da mayafi mai duwatsu, da carbi a hannu, kamar za ta ɗaurin aure. Ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Ta ce sai ta zo, na rasa yadda zan yi." Manniru a rayuwarsa bai taɓa samun yadda zai yi ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce "lafiya" da carbi, ba da baki ba.

Da muka shiga, Dakta Mojisola ta dube mu mu uku ta saman tabarau. Hajiya ta zauna a kujerar marar lafiya tun ba a ce ta zauna ba, ta ce wa Manniru, "Faɗa mata ni ce uwar mijin. Ta faɗa min abin da yarinyar nan take zuwa yi."

Manniru ya fassara da Yarbanci, yana rage kaifin a hanya. Likita ta ce, "Faɗa wa Mama ni ba na buɗe maganar marar lafiyata ga kowa, ko uwar da ta haife ta, sai da izininta." Ta juyo gare ni. "Kina so su ji, ko su fita?"

Hajiya ta fahimci wannan ba tare da fassara ba, ita ma shekara arba'in ta yi a Ibadan. Carbin ya tsaya cak. Ina jin tun da aka kawo ta Sabo ba a taɓa neman izinin yarinya kafin a yi mata magana ba. Na bari shirun ya ɗan daɗe, Allah ya yafe min, ya yi min daɗi. Sannan na ce su ji.

Likita ta ɗauko hoton, ta nuna musu ƙarin da biro, ta nuna yadda jinina yake a farko da yadda ya hau yanzu. Ta ce ƙwayoyin magani ne, ana ba budurwa ana ba matar aure, kuma da na ci gaba yadda nake, da wata rana ɗauko ni za a yi. Manniru ya matsa yana kallon hoton kamar ya gane wani abu a cikin duhun nan.

Na ɗauka Hajiya za ta ji kunya. Na ma shirya fuskar da zan karɓi ban haƙuri da ita. Ta gyara mayafi ta ce, "Ƙari a mahaifa? To za ta haihu kuwa?"

Kun ji. Da safe laifina ina gudun ciki, kafin azahar laifina ba zan iya ɗauka ba. Ko kujera ban canza ba.

Likita ta ce mata da yawa masu irin wannan suna haihuwa lafiya, in na yi aure na shirya sai a dakatar da maganin a duba ni, amma ita ba ta ba kowa garanti, ko wadda ba ta da ƙari.

"Ba garanti," in ji Hajiya, tana kallon ɗanta.

Sai Manniru ya yi abin da ban zata ba. Bai yi wani dogon jawabi ba, ba irinsa ba ne. Ya ce wa likita, "Wane abinci ne yake ƙara mata jini? In riƙa kawowa daga kasuwa." Ya ciro waya ya rubuta duk abin da ta lissafa: hanta, ganyen ugu, wake, kifi. Hajiya ta ce, "Manniru." Ya ce, "Na'am Hajiya, ina zuwa," ya ci gaba da rubutu. A wurin wani wannan ba komai ba ne. A wurin Manniru juyin mulki ne.

Daga nan sai karɓar ƙwayoyin wata mai zuwa. Hajiya ta ce ƙafarta ƙafata, sai ta ga ɗakin da idonta. Muka bi doguwar baranda, muka sauka matakala, muka zaga bayan ɗakin awon jini, muka wuce tankin ruwa, muka sake hawa wasu matakalan. Tana tafe tana dafa bango tana cewa wayyo gwiwata, wane irin wuri ne wannan kamar ana ɓoye shi. Nas mai jan farce ta gan ni da namiji a baya, ta washe baki ta ce, "Ehen, now you do well." Ban gyara mata ba. Na gaji.

A hanyar fita Manniru ya rage tafiya har muka jera.

"Ranki ya daɗe, ranar tana nan ko?"

"Ban sani ba tukuna. Kwana nawa ka yi kafin ka tambaye ni, ni ma ka ba ni kamar haka in yi tunani."

Ya ce to. Amma ya karɓi jakata ya riƙe min, bai kuma mayar min ba.

Muka tari 'yar tasi Micra zuwa Sabo. Shi a gaba, ni da Hajiya a baya, cinyarta a kan tawa saboda ƙanƙantar motar. Muka kama hanyar shataletalen Mokola. Tana jan carbi tana kallon taga, ni ina tunanin yadda zan ba Umma labari. Go-slow ya tsayar da mu. Sai ta juyo, ta sa hannu a kan gwiwata, karo na farko da ta taɓa ni tun da aka sa rana. Muryarta a kwance, har da ɗan taushi.

"Zulaihat."

"Na'am Hajiya."

"Ɗakin nan da muka je, sai da na sauka matakala na hau wata, na zaga gini uku kafin in ga ƙofarsa. Ko daga cikin asibitin ba a hango shi, balle daga titi." Ta matsa gwiwata kaɗan. "Suwaiba ta ce wucewa take yi ta gan ki kin shiga. In ita ta gan ki ranar, ai ke ma kin gan ta. Faɗa min tsakaninki da Allah, a ina take tsaye?"

Manniru ya juyo daga kujerar gaba yana kallona. Motar ba ta motsi, ƙofar ɓangarena ba ta buɗuwa ta ciki, kuma Hajiya ba ta ɗauke hannunta ba.